Daga Ƙofar Shiga Zuwa Ranar Yaye: Matsayin Zakka da Waƙafi Wajen Tallafa wa Ɗaliban Jami'a

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya haƙƙin mabuƙaci cikin dukiyar mawadaci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A zaman da muka yi da wakilan kwamitocin masallatai gabanin rabon bana, wani dattijo daga cikin limamanmu ya yi mana tambaya. Ya ce ga zawarawa a unguwa, ga marayu, ga marasa lafiya da suka kasa sayen magani, to da wace hujja za a ɗebi wani abu daga zakkar jama'a a kai jami'a, alhali wanda ya kai jami'a ai ya riga ya samu? Tambayar ta dace, kuma mai yin ta yana da haƙƙin jin cikakkiyar amsa, domin dukiyar da ke hannunmu amana ce. Wannan maƙala ita ce amsarmu gare shi da duk wanda irin wannan tunani ya taɓa zo masa.

Abin da ke biyo bayan samun gurbi

Ranar da sunan yaro ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, gida kan cika da murna, dangi su yi ta barka. Mafi yawan mutane nan saninsu ke tsayawa. Abin da ya rage kuwa shekara huɗu ne ko biyar, ko shida ga mai karatun likita, kuma kowace shekara da nata kuɗin rajista da kuɗin ɗaki da abinci da littattafai da kuɗin mota.

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa wannan kaya nauyi. A shekarar 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai da yawa suka biya hayar ɗakunan da ba su kwana a ciki ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, farashin abinci da na sufuri suka tashi. A cikin wannan shekarar ce kuma jami'o'in gwamnati da dama, har da na Arewa, suka ƙara kuɗin rajista, a wasu wuraren ya ninka fiye da sau biyu. Ɗan mai hali ya ji nauyin, ya ci gaba da karatunsa. Ɗan talaka kuwa sai ya jinkirta zango ɗaya da fatan samun sauƙi, daga nan ya jinkirta na biyu, har a wayi gari gurbin ya kuɓuce. Irin wannan ɗalibi ba a sanar da tafiyarsa, ba a kuma yi masa jaje. Abokansa ne kawai za su lura cewa kujerarsa ta daɗe babu kowa.

Asarar ba tasa ba ce shi kaɗai. Abin da iyayensa suka kashe tun daga firamare ya tafi, garinsu kuma ya rasa malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ko injiniyan da yake jira.

Ofisoshin da aka tanada domin ɗalibi

Yana da kyau masu bayarwa su san cewa jami'a ba azuzuwa da ɗakin jarrabawa ba ce kawai. A cikinta akwai ofisoshin da aikinsu shi ne kula da rayuwar ɗalibi a wajen aji. Babbansu shi ne sashen kula da harkokin ɗalibai, wanda ke raba ɗakunan kwana, ya sa ido kan ƙungiyoyi, ya kuma saurari koke-koke. Akwai cibiyar ba da shawara da jagoranci, inda ɗalibin da damuwa ta yi masa yawa, ko wanda karatu ya rikice masa, zai sami ƙwararren da zai saurare shi cikin sirri. Akwai asibitin jami'a. A kowane sashe akwai malamin da aka ɗora wa kula da ɗaliban kowane aji da lissafin darussansu. Wasu jami'o'in suna da tsarin ba ɗalibi ɗan aiki a ɗakin karatu ko a ofis, a biya shi wani abu da zai rage masa zafi. Akwai kuma kwamitocin da ke karɓar ƙorafin cin zarafi. A gefen waɗannan akwai ƙungiyoyin ɗalibai, irin su Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya da aka kafa a 1954, da kwamitocin masallatan jami'a, waɗanda sau da yawa su ke fara jin labarin ɗalibin da ya kwana da yunwa.

A matakin ƙasa ma an yi wasu tanade-tanade. Tun 2017 hukumar JAMB ta kafa wani rukuni na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyin da aka keɓe, ciki har da Kano. A Janairun 2019 aka sanya hannu kan dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2024 asusun ba ɗalibai rance na NELFUND ya fara aiki. Rance ne marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati: ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, a ba ɗalibi naira 20,000 duk wata, sannan ya fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa.

Duk waɗannan alheri ne, kuma muna ƙarfafa wa kowane ɗalibi ya amfana da su. Sai dai akwai giɓi. Ofisoshin jami'a suna fama da yawan ɗalibai da ƙarancin kuɗi da ma'aikata. Wa'adin dokar 2019 ya cika, amma har yanzu akwai ɗakunan lacca da ba a isa gare su sai ta matakala. Rance kan yi jinkiri alhali ranar rufe rajista ba ta jira, kuma naira 20,000 ba za ta saya wa makaho na'urar rubutu ba. Wannan giɓi shi ne wurin aikinmu.

Adalci, shigar da kowa, da tsayawa mai rauni

Masu nazarin ilimi mai zurfi sukan taƙaita manufar waɗannan ofisoshi cikin abubuwa uku, kuma kowannensu yana da asali a shari'armu.

Na farko shi ne adalci, wanda ya bambanta da raba daidai wa daida. Idan aka raba wa ɗalibai ɗari takardar tambayoyi iri ɗaya, an yi daidaito, amma makahon da ke cikinsu ba a ba shi komai ba. Adalci shi ne a ba shi tambayoyin da rubutun makafi, ko a karanta masa, a kuma ƙara masa lokaci, sannan a auna amsarsa da ma'aunin da aka auna ta kowa. Ba a sauƙaƙa masa jarrabawa ba, an dai kawar da shingen da ke tsakaninsa da ita. Wannan shi ne ruhin fiƙihun zakka, inda malamai suka ce ana ba mabuƙaci gwargwadon abin da zai wadace shi, don haka mai iyali goma ba ya karɓar daidai da wanda ke shi kaɗai.

Na biyu shi ne shigar da kowa, wato a tsara wuri yadda babu wanda zai ji shi baƙo ne a cikinsa. Kurma yana buƙatar mai fassara da maganar hannu a aji. Mai keken guragu yana buƙatar gangara a ƙofar ɗakin lacca da ɗaki a ƙasan bene da makewayin da kekensa zai shiga. Zabiya yana buƙatar kujerar gaba da rubutu mai girma saboda raunin gani. Mai ciwon sikila yana buƙatar a karɓi uzurinsa idan ciwo ya kwantar da shi ranar gwaji. Matar aure mai goyo tana buƙatar amintaccen wurin da za ta bar jaririnta. Wanda ya taso daga makarantar allo da Islamiyya, mai kaifin basira amma Turancinsa bai nuna ba, yana buƙatar wanda zai riƙe hannunsa a shekarar farko. Madina ta riga mu wannan. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, saboda shi farkon Suratu Abasa ya sauka, ya zama ladanin Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, an kuma wakilta shi a kan Madina ba sau ɗaya ba. A ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta horar da jajiyoyi domin su kai ilimi ga matan karkara waɗanda ba su da halin zuwa zaure.

Na uku shi ne tsayawa mai rauni har ya sami haƙƙinsa. Akwai ɗalibar da ake matsa wa da neman lalata kafin a ba ta sakamakonta, tana tsoron magana. Akwai wanda sakamakonsa ya ɓata tsakanin ofisoshi, bai san ƙofar da zai buga ba. Ɗan babban gida yana da wanda zai ɗaga masa waya, maraya kuwa ba shi da kowa. Kafin annabci, wasu gidajen Ƙuraishawa sun ƙulla yarjejeniyar Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, bayan wani babban mutumin Makka ya hana wani baƙon ɗan kasuwa kuɗin hajarsa, suka yi alkawarin tsayawa duk wanda aka zalunta. Manzon Allah ya halarci wannan zama yana matashi, ya kuma yabe shi bayan zuwan Musulunci.

Waƙafi da makaranta tsofaffin abokai ne

Tallafa wa ɗalibi da masauki da abinci ba sabon abu ba ne da muka kwaikwayo daga waje. A masallacin Madina akwai Suffa, inda talakawan sahabbai masu neman ilimi ke zaune, jama'a na ciyar da su, kuma daga cikinsu Abu Huraira ya fito. Masana tarihi sun ruwaito cewa Fatima al-Fihri ta kafa masallacin Ƙarawiyyin a birnin Fas a shekarar 859 da dukiyar gādonta. Makarantar Mustansiriyya ta Bagadaza, da aka buɗe a 631 bayan Hijira, wato 1234, tana da ɗakin girki da wurin wanka da likita, duk a kan waƙafi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Misira. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a can domin ɗalibansu da alhazansu. A Azhar kuwa an raba wa ɗalibai masaukai da ake kira riwaƙi bisa ga ƙasashen da suka fito, har da riwaƙin Barnawa, ana raba musu burodi daga kuɗin waƙafi. Akwai kuma zawiya ta musamman domin makafi. Waɗanda suka tsara wannan sun gane cewa malami da littafi ba sa isar ɗalibin da ba shi da wurin kwana.

Iyakar zakka da faɗin waƙafi

A nan ne amsar tambayar limaminmu take. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas, kuma zama ɗalibi kaɗai ba ya cikinsu. Ɗan mawadaci ba ya cin zakka don yana jami'a. Amma ɗalibi yakan shiga ta ƙofofi uku. Yakan shiga a matsayin faƙiri ko miskini, idan ba shi da abin da zai ishe shi kuma babu mai ɗaukar nauyinsa. Malamai da dama sun bayyana cewa wanda ya duƙufa ga neman ilimi mai amfani, ta yadda neman abinci zai yanke masa karatu, ana iya ba shi ko da yana da ƙarfin yin sana'a. Ilimin likitanci da lissafi kuwa Imam Gazali ya lissafa su cikin farillan kifaya a littafinsa Ihya'u Ulumid Din. Yakan shiga a matsayin wanda bashi ya yi wa katutu, idan ya ci bashin ta halal, kamar na haya ko na magani. Yakan kuma shiga a matsayin matafiyin da guzurinsa ya yanke, kamar wanda aka rufe makaranta ba zato yana nesa da gida.

Kason fi sabilillahi malamai sun yi saɓani a kansa. Mazhabar Malikiyya ta taƙaita shi ga jihadi, wasu malaman zamani, irin su Shaihi Yusuf Ƙardawi a littafinsa Fiƙhuz Zakat, sun faɗaɗa shi. Mu dai mun zaɓi kada mu dogara da wannan kaso, domin kowane mai bayarwa ya sami natsuwa cewa zakkarsa ta faɗa inda babu jayayya. Muna kuma tunatarwa cewa mutum ba ya ba da zakkarsa ga wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa.

Zakka haƙƙi ce da ake mallaka wa mutum, don haka ba ma gina gangara ko ɗakin kwana da ita. Wannan aikin waƙafi ne, wanda muka fi sani da hubusi, inda ake tsare asalin dukiya a sadaukar da amfaninta, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar. Da waƙafi ake sayen na'urar buga rubutun makafi, da kwamfuta mai manhajar karanta rubutu da murya, da keken guragu da za a riƙa ara wa ɗalibi bayan ɗalibi. Da kuɗin hayar shagon waƙafi ake biyan albashin mai fassara da maganar hannu. Mazhabarmu ta sauƙaƙa wannan babi, domin ta yarda da waƙafi na ƙayyadadden lokaci, ta kuma yarda da waƙafin kuɗi domin ba da rance. Mai gida kusa da jami'a yana iya ba da ɗaki biyu na tsawon shekara biyar, bayan haka su koma hannunsa. Sannan amfanin waƙafi da sadaka bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba. Gangarar da aka gina a ƙofar ɗakin karatu kowane ɗalibi zai bi ta, kuma ladan mai ita na gudana.

Inda muka yi kuskure

Amana ta wajabta mana faɗin inda muka gaza. A farkon wannan aiki mun ɗauka cewa biyan kuɗin rajista shi ke nan. Mun biya wa wasu ɗalibai, muka rubuta su cikin nasarorinmu, daga baya muka ji cewa wasunsu sun bar karatu saboda rashin abinci da wurin kwana. Mun taɓa tara masu karɓar tallafi a bainar jama'a ana ɗaukar hoto, sai muka fahimci cewa mafi tsananin buƙata daga cikinsu su ne suka ƙi zuwa, saboda kunya. Mun kuma taɓa saya wa masu buƙata ta musamman kayan da ba su nema ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga waɗannan muka sauya tsari. Yanzu muna tantance ɗalibi ta hanya biyu, ta kwamitin masallacin unguwarsu wanda ya san gidansu, da ta ofishin harkokin ɗalibai wanda ya san matsayin karatunsa. Muna fara taimaka masa ya nemi rancen gwamnati da tallafin jiharsa, sannan mu cike abin da ya rage. Kuɗin rajista mukan biya kai tsaye da izinin ɗalibin, a matsayin wakilansa. Ba ma buga suna ko hoto. Ba ma sayen kaya sai mun tambayi mai amfani da su. Ƙorafin mata, mata ne ke karɓarsa, kuma idan magana ta shafi cin zarafi muna raka ɗalibar zuwa hukumar da ke da alhakin bincike, ba ma mai da kanmu alƙalai. Ma'aunin nasararmu kuma ya tashi daga yawan waɗanda muka biya wa ya koma yawan waɗanda suka kammala.

Abin da muke roƙo

Ga kwamitocin masallatai, muna roƙon kowanne ya riƙe jerin 'ya'yan unguwarsa da ke manyan makarantu, ya riƙa bibiyarsu a farkon kowane zango, musamman marayu da mata da masu buƙata ta musamman. Ku tambaya kafin a rufe rajista, domin mai kunya ba zai zo da kansa ba. Ku kuma dubi ƙofofin masallatanku: shin mai keken guragu yana iya shiga sahu ba tare da an ɗauke shi ba?

Ga masu bayarwa, muna roƙon ku bayyana mana niyyarku yayin da kuke kawo dukiya, zakka ce ko sadaka ko waƙafi, domin kowanne asusunsa daban ne kuma ba ma cakuɗa su. Wanda Allah ya hore wa, ya ɗauki ɗalibi ɗaya har ya gama, domin hakan ya fi a taɓa goma a sake su a tsakiyar hanya. Wanda ba shi da dukiya amma yana da ilimi, lauya ne ko likita ko malamin jami'a, sa'a ɗaya a mako da zai ba ɗalibi shawara ita ma sadaka ce.

Ga limaminmu da ya yi tambaya, muna tabbatar masa cewa kason zawarawa da marayu da marasa lafiya yana nan a matsayinsa na farko. Sau da yawa ma ɗalibin da muke magana a kansa ɗan wannan bazawarar ce, kuma shi ne marayan da masallacinku ya yi wa kayan salla yana ƙarami. Idan aka riƙe shi har ya kammala, ana sa ran gidansu ya fita daga jerin masu karɓa, wata rana ma shi da kansa ya kawo tasa zakkar.

Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya albarkaci abin da suka rage, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya kuma ba mu ikon sauke amanar da aka ɗora mana. Amin.

Sakataren Gidauniya